Ƙanƙara a ƙarƙashin jar rana

Mako uku kwamfutar jami'a ta yi tana lissafin yanayin wata duniya mai nisa kafin taswirar ta fito, kuma da ta fito fara ce fat. Teku ya daskare tun daga wannan gefe har wancan, sai wani ɗan ɗigo shuɗi a tsakiya da bai fi ƙwayar dawa ba a kan allon. Duniyar da nake aiki a kanta ita ce TRAPPIST-1e, ɗaya daga cikin duniyoyi bakwai masu doron dutse da aka sanar a watan Fabrairun 2017, suna zagaya wani ƙaramin jan tauraro da haskensa kan yi kimanin shekara 40 kafin ya iso mu. Hasken da take samu bai wuce kashi biyu cikin uku na wanda rana ke ba mu ba, don haka sanyin bai ba ni mamaki ba. Na buga taswirar na kai wa malamin da ke duba aikina.

Ya daɗe yana kallonta. Can sai ya ɗora yatsa a kan farin ya ce, "Wane irin haske ne ke sauka a kan ƙanƙarar nan taka?" Na ce, "Malam, ai na rage shi daidai yadda aka auna." Ya ce, "Yawansa ka rage. Launinsa fa?"

Nan take jikina ya yi sanyi, domin na san amsar. Ƙanƙara tana mayar da mafi yawan hasken ranarmu sama, shi ya sa idan ta fara yaɗuwa sanyi ke ƙaruwa, sanyin kuma ya ƙara haifar da wata ƙanƙarar. Amma tauraron TRAPPIST-1 bai kai rabin zafin rana ba, kuma galibin haskensa infared ne, wanda ido ba ya gani. Irin wannan haske ƙanƙara shanye shi take yi sosai, tururin ruwa da iskar kabon ma haka. Masana biyu, Joshi da Haberle, sun yi bayanin wannan tun 2012, na karanta takardar, har na ja layi a ƙarƙashin wurin. Duk da haka na bar ranarmu a cikin manhajar da ke lissafin yanayin, na dusashe ta kawai. Da na gyara na sake turawa, ɗigon nan ya buɗe ya zama teku mai faɗi a gefen da ke fuskantar tauraron.

Abin da ya fi damuna daga baya shi ne yadda taswirar farko ta gamsar da ni. Manhajojin da muke amfani da su duk a nan duniyarmu aka haife su. ROCKE-3D ta fito daga manhajar yanayi ta NASA a birnin Niyok, ExoCAM daga wata da aka gina a Bolda ta jihar Kwalarado, UM kuwa ta hukumar hasashen yanayi ce ta Birtaniya. An gina su ne don damina da rani da ɗumamar wannan duniya tamu, saboda haka cikinsu cike yake da ɗabi'unta, wasu a fili, wasu a ɓoye cikin layin da ba wanda ya taɓa shekara da shekaru. Wata biyu na yi ina bin su ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar kaina: wannan dokar halitta ce, ko kuwa al'adar gidanmu ce kawai?

Gajimare ne ya fi ba ni wuya. Shekarar TRAPPIST-1e kwana shida ce da ɗoriya, kuma ana kyautata zaton fuska ɗaya take nuna wa tauraronta har abada, kamar yadda wata ke mana. Gefe ɗaya rana ba ta faɗuwa, ɗayan gari ba ya wayewa. Da can ana tsoron iskar irin wannan duniya za ta daskare ta zube a gefen dare, sai wani lissafi da masana suka yi a 1997 ya nuna cewa iska mai ɗan kauri tana iya kai zafi can. A 2013 masana Yang da Cowan da Abbot suka nuna cewa gajimare mai kauri zai taru daidai ƙarƙashin tauraron ya zame wa duniyar laima. Duk wanda ya taɓa zama a waje da azahar cikin damina ya ji yadda gari ke sanyaya idan hadari ya rufe rana, zai gane ƙarfin abin. Bambancin kawai, can hadarin ba ya gushewa. Matsalar ita ce manhaja tana yanka sararin sama gida-gida, kowane gida ɗaruruwan kilomita, gajimare kuwa ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Dole sai an ƙiyasta shi, kuma ma'aunin ƙiyasin daga gajimarenmu aka ɗauko shi. A wani aikin haɗin gwiwa na kwatanta manhajoji mai suna THAI an ba manhajoji huɗu bayanai iri ɗaya kan TRAPPIST-1e, sakamakon ya fito a 2022, kuma gajimare na kan gaba cikin wuraren da suka saɓa. Ni a wurina wannan aiki ya fi takardu da yawa masu kyawawan hotuna daraja, don ya nuna mana inda ƙafarmu ke rawa.

Sai kuma 2023, madubin hangen nesa na James Webb ya auna zafin gefen rana na TRAPPIST-1b, wadda ta fi kusa da tauraron, ya samu wajen digiri 230 a ma'aunin Selsiyas, abin da ya dace da dutse tsirara ko iska 'yar kaɗan. Daren nan na kasa barci, don ba wanda ya tabbatar TRAPPIST-1e ma tana da iska. Iskar da nake ta juyawa a kwamfuta, ni na zuba ta da hannuna.

Yanzu ina da littafi da nake raba kowane shafi gida biyu kafin in tura lissafi. A hagu nakan rubuta abin da aka auna: girman duniyar, nauyinta, tsawon shekararta, hasken tauraronta. Layi huɗu ke nan. A dama nakan rubuta abin da na ɗauka: akwai iska, kaurinta kaza, akwai teku, zurfinsa kaza, gishirinsa kamar namu, babu tsibiri ko ɗaya, fuska ɗaya take nunawa. Jiya na kai wa Malam littafin, ya karanta gefen dama har shafi na uku, ya karɓi birona ya ƙara layi ɗaya a ƙasa: girman ɗigon ruwan da ke cikin gajimare.