Loma ɗaya ta tuwo

Yau da daddare Yaya ya haɗiyi lomar tuwo. Tuwon masara ne da miyar kuka, ba wani abin kirki ba, amma wata huɗu rabonsa da abin da ya wuce kunu da shayi. Ya gutsura kaɗan, ya daɗe yana juya ta a cikin miya kamar mai tsoronta, ya kai baki, mu kuwa duk mun zuba wa wuyansa ido. Da ta wuce sai ya ɗago ya ce, "Ƙanwata, ƙaro miya." Inna ta tashi wai za ta ɗebo ruwa, alhali ga kofi nan cike a gabansa.

Sai na tuna yadda muka yi ta cewa hakin wuya ne, har Kawu ya kawo shawarar a kira wanzami. Gefe ɗaya kawai ya kumbura, ga kaluluwa a wuya da ba ta ciwo, ga zufar dare, ga rama. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kala uku ya sha a banza. Sai da likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya ɗebi ɗan nama aka kai gwaji, sannan muka fara jin sunan limfoma, ciwon dajin da ke kama ƙwayoyin garkuwar jiki. Ba tiyata aka yi ba, ƙarin ruwan magani ne duk bayan sati 3, zagaye 6. Biyu kawai ya yi, gashi ya zube, kumburin ya saɓe. Saura huɗu, kuɗin na ukun ma ba su gama haɗuwa ba. Ni dai gobe tuwon shinkafa zan tuƙa masa, mai laushi.