Bindiga a ɗaki ɗaya da yara

Wallahi abin nan yana damuna. Mu nan Legas, daga Agege zuwa Mile 12, da yawan 'yan uwanmu masu gadi da mafarauta suna ajiye bindigar baushe a ƙarƙashin gado ko bayan ƙofa, ga ɗaki ɗaya tal, ga yara suna wasa, wani lokacin ma da albarushinta a ciki a ɗure.

A Amurka tun 1949 jihar New York ta fara wajabta wa sabon mafarauci shiga ajin koyon kiyaye haɗarin bindiga kafin a ba shi lasisi, kuma har yau iyaye kan tafi da yaransu a zauna tare. Abin da ake koyarwa ba wuya: ka ɗauka kowace bindiga a ɗure take, kar ka nuna bakinta ga mutum ko da wasa, yatsa nesa da kunama, harsashi daban bindiga daban kuma a kulle. Shi yaro in ya ganta kar ya taɓa, ya fita ya kira babba.

Don Allah sarakunan Hausawa da shugabannin mafarauta ku haɗa mana irin wannan zaman, ko bayan la'asar ne, har da iyaye mata tunda su ke yini da yaran.