Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Jirgin Gusau

A makon jiya na tsaya a inda Kawu ya roƙi Inna ta bar shi ya tafi da ni Zariya hutun makaranta. Ta yarda, bayan ta ja masa kunne a kaina.

Wanda bai tashi a Sakkwato ba da wuya ya gane matsayin jirgin ƙasa a wurinmu. Ba mu da shi. Layin dogon da Turawa suka shimfiɗa daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, don kwasar gyaɗa da auduga, bai ƙara gaba ba. Gusau da Ƙaura a lokacin wannan tafiya tamu duk jiharmu ce, sai a 1996 aka yanke Zamfara, amma mu 'yan Gidaɗawa da Kanwuri sai dai mu ga jirgi a littafin makaranta. Har yau abin yana min ciwo, a ce birnin Shehu babu tashar jirgi.

Mota muka shiga da asuba, muka bi ta Talatar Mafara har Gusau.

Tun kafin jirgin ya bayyana na ji ƙasa na rawa a tafin ƙafata. Da ya yi kuka, sai na ƙanƙame rigar Kawu. Ya dafa kaina ya ce, "Mi kaka tsoro, yaro? Taho mu shiga, wanga shi ad doki da ba ya gajiya."

Taragon cike yake maƙil: mata da ƙullin kaya, fatake da buhunan gero, wani tsoho rungume da butarsa yana jan carbi. Wata baiwar Allah ta matsa ta ba ni wurin taga, ta ce, "Zamna nan, ɗana, ka sha kallo." Na kuwa sha. Duwatsun Kwatarkwashi suka wuce a hankali, 'yan kiwo suna ɗaga mana sanda. A kowace tasha 'yan talla su yo caa ta taga da rake da dafaffen ƙwai da fura. Mai duba tikiti ya huda nawa, na ƙi yarda Kawu ya riƙe min shi.

Bayan isha'i muka isa Zariya, ga shi wanda zai tarbe mu bai zo ba. Yadda muka kwana a tasha, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.