Jitar Bob Dylan a sinima

Fim ɗin A Complete Unknown, wanda ya fito a Amurka a watan Disamba na 2024, ya ba da labarin samartakar mawaƙi Bob Dylan. Ni kuwa jitar da ke rataye a wuyan Timothée Chalamet, ɗan wasan da ya fito a matsayin Dylan, ita ce ta fi ɗauke mini hankali.

Kamfanin Gibson ne ya haɗa hannu da masu fim ɗin, ya ƙera musu jita samfurin J-50 a masana'antarsa ta Bozeman da ke jihar Montana. Irinta ce Dylan ke riƙe da ita a hoton bangon faifansa na farko, na 1962. Jita ce ta katako zalla, ba ruwanta da lantarki, cikin kwaryarta amon yake fitowa. Shi ya sa irin itacen da kaurinsa suke da muhimmanci, tunda Chalamet da hannunsa ya kaɗa, da bakinsa ya rera. Da an miƙa masa wata daban, masu kunne za su gane nan take.

Na san akwai ciniki a ciki, Gibson na so matasa su fito daga sinima su nufi shago. Wannan bai dame ni ba. Masassaƙan da ke lanƙwasa katakon nan su ma ci da iyali suke yi, kuma na fi son yaro ya tara kuɗi ya sayi jita ya zauna koyo. Damuwata farashi ne, don irin wannan jita ta fi ƙarfin aljihun yawancin masu koyo.