Maigatari Tana Nan Kusa, Ɗana

Washegarin Sallar layya, bayan la'asar, ɗan ƙanwata ya same ni a dakalin ƙofar gida, a ƙauyenmu da ke tsakanin Gagarawa da Gumel. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, an ba ni gurbin digirin digirgir a kimiyyar siyasa, ga taken da zan kai musu." Na sa tabarau na karanta: ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, da tasirinta ga tsaron Afirka ta Yamma. Na tambaye shi inda zai samo bayanai. Ya ce duk suna intanet, har ya tara maƙaloli kusan sittin. Na ce, to ka taɓa zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis? Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai ba cinikin shanu zan yi ba."

Dariyar nan ta hana ni barci a daren, domin na san ta. Ni ma na taɓa yi wa ƙanin mahaifina irinta, a kan wannan dakalin.

Digirina na farko a kimiyyar siyasa ne, na biyu a hulɗar ƙasa da ƙasa. Ina koyarwa a wata kwaleji na yi rajistar na uku a 2003, na zaɓi rawar da Najeriya ta taka a ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOWAS, wadda ta sauka Monrobiya, babban birnin Laberiya, a watan Agustan 1990, ta kuma mayar da Tejan Kabbah kan mulki a Saliyo a 1998. Taken yana da kwarjini, in na faɗe shi a ɗakin malamai sai a gyaɗa kai. Amma ƙafata ba ta taɓa taka Laberiya ba. Abin da na yi shi ne tara fotokwafin jaridu da mujallu cikin kwali, ina jera wane ya ce kaza, wane ya musanta, ina ɗinke su da Turanci mai nauyi. A ƙauyen da ke gaba da namu akwai tsohon soja da ya yi yaƙin ya dawo da ɗingishi, yana sayar da kananzir ranar kasuwa. Ko sau ɗaya ban zauna da shi ba. A tunanina na lokacin, kurtu ba ya shiga jerin madogara.

Wannan ma ƙaramin laifi ne idan aka gwada shi da wanda na yi wa Baffa, ƙanin mahaifin nawa.

Baffa ɗan NEPU ne, jam'iyyar talakawa ta su Malam Aminu Kano, tun yana saurayi, shekaru kaɗan bayan an kafa ta a Kano ranar 8 ga Agustan 1950. Gab da zaɓen 1959 aka kai shi gaban alƙali saboda ya tara mutane a ƙarƙashin tsamiya ba izini, aka yi masa bulala, aka ɗaure shi wata uku. Ina yaro in muka je gona ya tuɓe taguwa, ina ganin tabon a gadon bayansa, layi-layi kamar kunyar gero. Yana da wata adaka ta ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa. Na taɓa ganin cikinta sau biyu: katin jam'iyya mai tauraro, rasiɗan haraji na shekara da shekaru an ɗaure da zare, wasiƙu da ajami daga 'yan'uwansa na siyasa, da waƙoƙin da suke rerawa a rubuce da tawadar allo. Ya san wanda ya tsere Damagaram don gudun haraji, ya san gonar wa aka ƙwace da wanda aka bai wa. Ranar da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979, an ce kuka ya yi a bainar jama'a. Da jam'iyyar PRP ta dare gida biyu, Santsi na su Rimi da Taɓo na su Malam Aminu, shi da wansa sun yi shekara ba su sa hannu a akushi ɗaya ba, kuma shi kaɗai zai iya gaya maka cewa rigimar ba ta Malam Aminu da Rimi ce kawai ba, akwai wata tsohuwar maganar fadama a ƙarƙashinta.

Duk zuwan da na yi gida sai ya ce, "Ɗan boko, yaushe za ka zo ka rubuta namu?" Ni kuma in yi dariya in ce, "Baffa, bari in gama wannan tukuna."

Ina da uzuri, kuma ba na ƙarya ba ne. Ina da mata da 'ya'ya biyar, ƙarin girma a wurin aiki ya tsaya sai da takardar. Malamin da ke duba aikina fanninsa ke nan, in na kawo masa maganar ƙauye cewa zai yi in koma sashen tarihi, can kuma su ce ba ni da tushe a fanninsu. Sannan akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: jikokin waɗanda suka sa aka yi wa Baffa bulala surukaina ne. In na rubuta gaskiya, da wane ido zan shiga gidansu gaisuwa? Baffan ma mutum ne mai zafi, in ya fara ba a katse shi, kuma ba kowane zancensa ake ɗauka ba a tace ba. Duk haka ne. Amma ƙaramar rakoda da kaset goma ba su kai kuɗin fotokwafin da na yi a wata ɗaya ba. Ba sai na canza take ba, ba sai na buga komai ba, da na naɗa na ajiye. Gaskiyar ita ce ban ɗauki abin da ke bakinsa a matsayin ilimi ba, na ɗauke shi hirar tsofaffi.

Ya rasu da daminar 2008. Ɗakinsa na ƙasa ne, aka kulle, ruwa ya ci rufin. Da na tuna da adakar bayan shekara biyu, muka buɗe, gara ta mayar da takardun gari, sai zaren da ya ɗaure rasiɗan. Na kare kundina a 2012, shekara tara cur, aka kira ni Dakta, aka yi walima a gidan nan. Kundin yana kan kanta. Ba wanda ya taɓa nemana a kansa, kuma ban ga laifin kowa ba, domin babu abin da ke ciki da ba a wani wuri.

Abin da ya fi ci mini rai, na san waɗanda suka yi akasin haka tun kafin a haife shi wannan yaron. Yusufu Bala Usman bai rubuta tarihin Katsina daga kan tebur ba, gari-gari ya bi yana zama da dattawa yana haɗawa da takardu. Murray Last ya baro Ingila ya tare a Sakkwato yana karatun takardun Waziri Junaidu. Polly Hill ta zauna a Batagarawa a 1967 tana ƙirga gonaki da rumbuna gida-gida. Michael Mortimore ya fi shekara goma yana komawa Dagaceri, nan wajen Birniwa, yana bin yadda manoma suka rayu bayan farin 1973. Bature ya tsallako teku ya zo ƙasarmu da littafin rubutu, ni da aka yanke wa cibiya a nan ina can ina hangen Monrobiya.

Na yi niyyar rubuta muku shawara goma, ku masu shirin yin bincike. Da na zauna sai na ga ba su kai ba.

Kada ka zaɓi taken da ƙafarka ba za ta iya zuwa inda abin yake ba. Taken ɗan ƙanwata ba shi da aibi. Sojoji sun yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024, ƙasashen uku kuma suka fice a Janairun 2025. Wa ya ɗanɗana wannan fiye da dillalin shanu a Maigatari, da direban da ya koma bin hanyar daji, da matar da ɗiyarta ke aure a tsallake? Abin da za su gaya maka babu shi a maƙala sittin ɗin nan, kuma shi ne kaɗai abin da za ka kawo wanda wani a Faransa ba zai iya kawowa ba.

Ka naɗi tsofaffinku yau, ko da bincikenka bai shafe su ba. Har da mata. Matan Arewa ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai 1976, mahaifiyata tana cikin waɗanda suka fara, ban taɓa tambayarta yadda ta ji ba. Ku da kuke da waya mai naɗar murya a aljihu, wallahi ba ku da uzurin da nake da shi. Amma sai ka ga yaro ya yi awa uku yana gardamar Rasha da Amurka a Facebook, kakarsa tana zaure ba wanda ya ce mata ci kanki. Wasu ma yanzu na'ura suke sa wa ta rubuta musu babi na biyu. Ba ku iya karanta ajami ba, ba ku damu ku koya ba, fayil-fayil ɗin Lardin Kano suna jibge a gidan adana takardun tarihi na Kaduna, cibiyar tarihi ta Arewa House na nan a Kaduna, Mambayya, gidan Malam Aminu da ya zama cibiyar bincike, na nan a Gwammaja cikin Kano, kuɗin mota kawai.

Sai dai kuma, kada ka bari son gida ya kashe ka da yunwa. Idan taken waje ne zai ba ka tallafi da aiki, ɗauka, ciyar da iyali ba abin kunya ba ne. Na san wannan ya ci karo da abin da na faɗa a sama, haka na gan shi. Kuma binciken gida yana da tsada ta wani wajen: za ka ji abin da zai ɓata zumunci, dole ka yanke tun farko ko za ka iya rubutawa. In ba za ka iya ba, naɗa ka kai ma'ajiya, wani ya rubuta bayanka. In kuwa don a ce maka Dakta kawai kake so, ka bari, shekarun sun yi yawa.

Da zai koma na raka shi bakin titi. Na ce masa ranar Alhamis mai zuwa zan shiga motar Maigatari bayan asuba, akwai wani tsohon dillali da muka yi makarantar allo tare, zai ba mu wuri a rumfarsa. Ya ce, "To Kawu, zan duba in gani." Na sayi littafin rubutu guda biyu na ajiye.