Yadda muke sake babbar magudanar ruwa a Maradi

Tun bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 garin Maradi ya hau tudu, yau kuma gidaje sun miƙa har Zariya da Ali Ɗan Sofo. Ruwan wanka da wanke-wanke na gidajen nan, da na damina, duk gangarowa suke yi, ga magudanun da aka yi wa garin jiya sun yi kaɗan. Aikinmu ke nan: cire tsohon bututun kankare, wanda maso ke kira bis, mu sa wanda zai ɗauki ruwan.

Lissafin ba yadda mutane ke zato ba ne. Bis mai faɗin santimita 80 ba ninki biyu na mai 40 yake ɗauka ba, ya fi ninki shida, in gangaren ɗaya ne. Shi ya sa kafin a sa diga a ƙasa sai an kafa na'urar awo an fitar da gangare. Muna son aƙalla milimita 5 a kowace mita. In ya gaza haka, ruwa ya yi nawa, rairayi da leda su kwanta, cikin damina biyu bututun ya cika rabi. In kuma ya yi tsayuwa da yawa, rairayin ya riƙa goge cikinsa kamar dutsen niƙa.

Daga ƙasa ake faro shimfiɗa, inda ruwa zai fita, a yi ta hawa, bakin kowane bis mai faɗi yana kallon tudu. Ƙasar Maradi rairayi ce, ba ta da amana: rami ya wuce mita 1.30 sai an tokare shi da katako, in ba haka ba ya rufta a kan lebura ba sallama. A tambayi masu pampo da Nigelec, kamfanin wutar lantarki, inda layukansu suka bi tun kafin haƙa. Ruwan da ke bin tsohon bututu kuma a toshe shi daga sama, a janye da inji zuwa gaba, don unguwa ba za ta daina wanki saboda mu ba.

Gindin rami a zuba rairayi mai laushi santimita 10. Cikowa santimita 20-20 ake yi, a jiƙa, a daddale, har a samu aƙalla santimita 80 a kan bututun in mota za ta bi. Kowace mita 40 zuwa 50, da kowace kwana, a gina ramin dubawa da murfi mai nauyi. Kada kowa ya shiga tsohon rami sai ramin ya sha iska. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai tana kashewa, in ta yi yawa ma hanci ba ya jinta.

Sai maganar da ke ci mana tuwo a ƙwarya, ƴan bis na bakin hanya. Namu buhu 7 na siminti ne a kowace mita kubik, na Malbaza ko wanda ya shigo ta Ɗan Isa, da tsakuwa wankakkiya da ragar ƙarfe a ciki, a yi ta ba shi ruwa mako guda, ba ya barin fili sai ya kwana 28. Su kuwa buhu 4, ba ƙarfe, kwana uku an ɗora a amalanke. Wanda ya ba mu aiki ya zo ya ce: "Haba Alhaji, can an yi mini rabin kuɗin nan." To, ɗauki guduma ka ƙwanƙwasa. Na kirki ƙara yake yi kamar ƙarfe. Wancan sai ka ji dum, ka murza gefensa da yatsa gari ya zubo. Tirela ɗaya mai lodin albasa ta taka wurin ya fashe a ƙasa, ba wanda ya sani sai ranar da gudron ya lotsa.