Kamun Kifi da Dare a Tafkin Kentaki Lokacin Cikar Ruwa

A ƙarshen watan Afrilu na kai wa ƙanina ziyara a Nashbil, babban birnin jihar Tenesi ta Amurka, kuma da yake ya san tun muna yara a Yawuri ba a raba ni da bakin ruwa, bai wahalar da ni da yawon manyan kantuna ba. Ya ce, "Yaya, ka zo a kan gaɓa, domin yanzu ne kifi yake hawowa gefe, kuma mahaifin wani abokin aikina yana da jirgi a tafkin Kentaki." Tafiyar kamar awa biyu ce a mota zuwa yamma, har muka sauka kusa da garin Faris, wanda yake da tasa 'yar ƙaramar hasumiyar da aka kwaikwayo daga hasumiyar Eiffel ta Faris ɗin Faransa.

Tafkin ba na Allah da Annabi ba ne, tare kogin Tenesi aka yi, kamar yadda aka tare Kwara a Kainji a 1968. Hukumar TVA, mai kula da kwarin kogin Tenesi, ce ta gama gina madatsar a 1944, ruwan ya kwanta tsawon mil 184 tsakanin jihohin Kentaki da Tenesi. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda kowa a wurin, har mai sayar da mai, ya san tsayin ruwan na ranar da ka. A lokacin sanyi ana riƙe shi a ƙafa 354 bisa doron teku, zuwa farkon Mayu a ɗaga shi zuwa 359, amma mun tarar ya zarce haka, saboda an yi ruwan sama mai yawa, hukumar kuma takan riƙe ruwa a nan don kada ta ƙara wa kogunan Ohayo da Misisifi nauyi. Ruwan ya yi ja, ya shanye matakalar da ake tura jirgi, ya shiga cikin itatuwan gaɓa har teburan cin abinci na wurin shaƙatawa sai samansu ake gani.

Kafin a taɓa ruwa dole a yanki lasisi, kuma na baƙo ya fi na ɗan jiha tsada sosai. Ban ji haushin kuɗin ba kamar yadda na ji haushin yaron da ke kantin da muka saya. Na gaishe shi bai amsa ba, ya karɓi fasfo ɗina yana jujjuya shi kamar bai yarda da hoton ba, da na nemi ya maimaita wata magana da ya yi da sauri sai ya juya ya faɗa wa ƙanina, sannan ya watsa canjin a kan tebur alhali hannuna yana miƙe. A cikin kantin nan ne kuma na ga ana sayar da gyare a cikin keji, ana auna shi da gwangwani, ana sayar da tana a cikin roba mai murfi da aka ajiye a firji, ana ƙirga 'yan ƙananan kifaye masu rai dozin-dozin a zuba wa mutum a bokiti. Da na lissafa kuɗin koton kaɗai da naira, sai na ga a kasuwar Yawuri da ya sayi kifin da gida zai yi miya da shi har a ba maƙwabta.

Mai jirgin dattijo ne da ya yi ritaya, mai ƙarancin magana, kuma shi ya wanke mini zuciya daga abin da yaron ya yi. Bai kunna inji ba sai da ya ɗaura mini rigar kariya da hannunsa ya ja igiyoyinta. Na yi shiru ina tuna mutanenmu da ake asara a ruwan Kainji idan jirgi ya daki kututturen da ruwa ya rufe, mafi yawansu ba su da wannan riga. Ya bayyana mana cewa kifin da muka zo nema ƙanana ne, waɗanda ɗaya yake shiga kasko ɗungurungum: akwai kirafi, mai faɗin jiki da ɗigo-ɗigon baƙi, akwai bulugil mai kama da ƙaramar karfasa, akwai kuma ɗan'uwansa mai jan tabo a bayan kunne wanda abincinsa dodon koɗi ne. Idan ɗumin ruwa ya kai wajen digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas, kirafi yakan baro zurfi ya zo gefe ya yi ƙwai, kuma idan ruwa ya cika ya rufe ƙananan itatuwan gaɓa, cikin rassansu yake shiga. Wannan ban buƙaci a fassara mini shi ba, domin haka kifinmu yake bin farin ruwa ya shige cikin burgu da fadama idan Kwara ta kawo a ƙarshen damina.

Da la'asar muka shiga cikin itatuwan. Dattijon ya kashe babban inji, ya sauke wani ƙarami mai batir da yake tuƙawa da ƙafa, muka riƙa kutsawa a hankali ba a jin komai sai karcewar reshe a jikin jirgi. Sandar fatsar doguwa ce siririya, ba a jifa da ita, ana miƙa ta ne a saukar da ƙugiya tsaye a ɗan ramin da ke tsakanin rassa, a ruwan da bai kai ƙugu ba. Ya gargaɗe ni cewa leɓen kirafi ba shi da ƙwari, idan aka fizga da ƙarfi sai ya yage, don haka ɗagawa ake yi da natsuwa. Na farkon da na ɗago ya karɓa ya kwantar a kan wani allo mai zane da ke maƙale a jirgin, ya rufe masa baki, ya daidaita wutsiyar. Bai kai inci 10 ba, wato kamar santimita 25, saura ɗan kaɗan. Ya mayar da shi ruwa ba tare da ya dube ni ba. Babu ma'aikacin gwamnati a kusa, babu wani jirgi da yake ganinmu, kuma kifin ya fi da yawa daga abin da ake kasawa a faranti a kasuwanninmu girma. Na yi ta tunanin raga mai ƙananan idanu da ake ja a ruwanmu tana kwaso har 'ya'yan giwan ruwa da ba su kai yatsa ba, sannan mu koma muna cewa kifi ya ƙare. Na san masuncinmu da cikinsa da na iyalinsa yake su, wannan dattijo kuwa nishaɗi ya fito yi, doka ma ta hana shi sayar da abin da ya kama, amma wanda ya dogara da ruwa ai shi ya fi cancanta ya bar ƙaramin kifi ya girma.

Da rana ta faɗi ya kai mu gaɓa ya jira muka yi salla, bai ce komai ba, sai dai ya kashe rediyonsa. Daga nan muka nufi ƙarƙashin babbar gadar da ta ƙetare tafkin, ya ɗaure jirgi inda igiyar ruwa ba ta da ƙarfi, ya zura wata koriyar fitila mai tsawon kamu biyu cikin ruwa, ya haɗa ta da batir. An daɗe babu abin da ya faru, sanyi yana shiga ƙashi duk da rigunan da na jibga. Can sai na ga ruwan da ke kewaye da fitilar ya yi ƙura-ƙura da wasu halittu ƙanana da ido da ƙyar yake rarrabewa. Bayansu 'yan kifaye masu walƙiya suka iso, suka fara zagaye fitilar ta gefe ɗaya, suna ƙaruwa har suka zama dunƙule. Dattijon ya ce kada mu saka ƙugiya a tsakiyar hasken, kirafi ba ya shiga ciki, yana tsayawa ne a ƙasa da gefe inda haske ya haɗu da duhu yana jiran wanda zai ware. Ya soke ɗan kifi mai rai ta bayansa yadda ba zai mutu ba, ya ƙirga tsawon zaren da hannu, ya sa mu kowa ya gwada zurfi daban har aka gane inda suke. Daga nan cizon ya zo a jere, ya ɗauke, ya sake dawowa. Sau da yawa ba ja suke yi ƙasa ba, sai dai mutum ya ga zarensa ya saki, alamar kifin ya ɗauki koto ya taso sama. Tsakar dare ta wuce kafin mu kwance, kuma duk kifin da aka ajiye sai da ya hau allon nan aka ƙirga shi.

A hanyar komowa wani ƙaton farin kifi ya yi tsalle ya faɗo cikin jirgin yana bugun ƙafafunmu. Irin wanda aka shigo da shi daga Asiya ne a shekarun 1970 don gonakin kifi, ya kuɓuce ya cika koguna, ƙarar inji ke firgita shi. Dattijon ya tsane shi domin yana cinye abincin ƙananan kifi, kuma mutanen wurin ba su cika cinsa ba saboda ƙaya. Da a Yawuri ne da kafin hantsi an banda shi.

Da safe kuma raina ya sosu a wurin gyaran kifi. Da wuƙa mai lantarki ya yanke tsoka biyu daga kowane kirafi, ya zubar da kai da ƙashi da fata gaba ɗaya. Na roƙe shi ya bar mini kawunan, ya yi mamaki amma ya tara mini su a leda, har ya ƙara da ƙanƙara. Matarsa ta tambayi ƙanina abin da ba ma ci, ta soya kifin da garin masara a man gyaɗa cikin kaskon da ta sake wankewa a gabanmu, ta haɗa da wasu ƙwallayen garin masara masu kama da ƙosai. Naman fari ne tas, mai laushi, ba shi da ƙarni, ko da yake a bakina bai kai karfasa ɗanɗano ba. Sun ƙi karɓar ko kuɗin man jirgi.

Mun biya ta tafkin Rilfut, wanda girgizar ƙasa ta 1811 da 1812 ta haifar, inda manyan itatuwa suke tsaye a cikin ruwa, amma iska ta hana mu shiga. Muka kwana a Mamfis, na ga Misisifi a cike, washegari muka koma Nashbil, inda matar ƙanina ta yi mana farfesun kawunan da yaji da daddawa kafin in hau jirgin dawowa Abuja.